Sandunan Hammata a Rairayin Kwatano

Warin albasa ne ya fara tarbata a wannan tafiya, albasar da ta sha rana a cikin buhu har ta soma ruwa. A kanta aka ɗora ni. Mutum biyu suka kama ni ta hammata daga ƙasa, ɗaya ya karɓe ni daga saman kamyon, babbar motar kaya, sannan aka miƙo sandunana da ƙullin kayana. Na ja zanena na rufe ƙafar hagu, wadda shan inna ya shanye tun ina goye, na zuba wa bakin wani buhu ido kamar akwai abin karantawa a jikinsa.

Shekarar fari ce. A gonarmu ta bayan Tasawa gero ya tsaya iya gwiwa, ya bushe a tsaye. Sojoji ke mulki, iyakar Najeriya kuma a rufe take. Ni kuwa na ci jarrabawar ƙarshen kwaleji, kuma ƴar majami'armu ta samo mini gurbi a wata makarantar mata da ke Kwatano, a ƙasar Benin, inda ake koyar da keken rubutu da aikin ofis. Mahaifina ya ce aikin zaune ne, ya dace da ni. Ban gaya masa ba, amma ba keken rubutun ya ja ni ba. Teku ce. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne tafkin da kan cika da damina a bakin gari, shi ma ya daɗe da komawa tsagaggiyar laka. A littafinmu na lakwal, wato makarantar boko, akwai hoton teku a shafi ɗaya, na kalle shi har takardar ta yi laushi.

Sai da na yi wayo ina rarrafe. Kawuna Ɗan-Ladi, wanda kafinta ne, shi ya sassaƙa mini sandunan hammata na icen aduwa, ya naɗe kawunansu da tsumma, ya yanko tsohuwar taya mai faɗin tafin hannu ya kafa a gindin kowace, don kada su nutse a rairayin garinmu. Yara suka sa musu suna ƙafar raƙumi. Ranar da na miƙe a kansu na yi wa kaina alkawari cewa babu mai sake ɗaukata. Ga shi tun kafin mota ta tashi alkawarin ya karye.

Daga Maraɗi zuwa Dosso ban san shingen jandarma nawa muka wuce ba. A kowane shinge sai kowa ya sauka ya yi layi da takardunsa, domin an ce a tare masu gudun yunwa. A kowane shinge sai an sauke ni, an kuma mayar da ni. Da na ga haka sai na yanke shawara: ba zan sha ruwa ba, kada in ƙara wa kaina wata saukar da ba dole ba. Butata tana nan cike a gefena, ina jin motsin ruwan a cikinta duk lokacin da muka faɗa rami.

A wani shinge bayan Dogon Dutsi, wani jandarma ya dubi sandunana kafin ya dubi fuskata.

"Ke hwa? Bara za a tahi, a ja ma ƙasa abin kunya?"

Na amsa masa da Faransanci mafi tsabta da na iya, na miƙa masa takardar makaranta. Ya karanta, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Wuce, madamazal." A gefen hanya akwai mata zaune cikin rana da ƴaƴansu da ƙorai, waɗanda aka sauke daga wata mota aka ce su koma inda suka fito. Na ji daɗi da ba a haɗa ni da su ba, kuma na ji kunyar jin daɗin. Ɗaya daga cikinsu tana da irin tsagar fuskar kakata.

A kusa da ni a saman buhunan akwai wata ƴar kasuwa, Hajiya Mariya, mutuniyar Mayahi, za ta saro atamfa. Mace ce mai ƙiba da yawan magana, goro ba ya barin bakinta. Da muka kusa Gaya ta juyo ta dube ni.

"Ke ɗiyata, ku ma Kirista azumi kuke yi da wagga rana?"

"A'a, Hajiya. Ba na jin ƙishi ne."

"Ba ki jin ƙishi, leɓenki ya tsage kamar gonar ubanki? Ni za ki yi wa ƙarya?"

Na sunkuyar da kai. Tana cikin tauna goronta sai ta gane. Ta kwance mayafinta, ta kira wasu mata biyu, ta daka wa mazan tsawa su juya su kalli gabas, suka kewaye ni da zannuwa a can ƙuryar motar, ta turo mini wani tsohon gwangwani. Bayan haka ta tsare ni sai da na shanye rabin butar.

"Kunya ba ta kai mutum Kwatano," in ji ta. "Sha ki ƙara."

Mun haye kogi a Gaya muka shiga Malanbil. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan gada na ga ruwan ya ja baya, shanu na tsaye a tsakiyarsa. A Paraku motar ta tsaya, Hajiya ta bi wata hanya, ni kuma na nufi tashar jirgin ƙasa. Babu wurin zama, sai na zauna a ƙasa na jingina da bango, na ajiye sandunana a gefe, na buɗe kwanon dambun da mahaifiyata ta ɗaure mini. Ina cikin ci wata mata mai kyakkyawan ɗauri ta wuce, ta jefa dala a cikin kwanon ba tare da ta tsaya ba. Kuɗin ya nutse a cikin dambun. Na daɗe ina kallonsa. Ban iya kiranta ba, ban iya ci gaba da cin ba. A zuciyata na ɗora wa sandunan laifi: icce baƙi, tsumma mai maiƙo, taya kamar takalmin makiyayi. Wa zai ga mai irin waɗannan ya ce ɗaliba ce?

Don haka a satina na farko a Kwatano na je babbar kasuwa. Na sami wani mutum a layin tsofaffin kayan asibiti, ya nuna mini sanduna na farin ƙarfe marar nauyi, masu sheƙi, da ƴar roba ƙarama a gindi. Ɗan Hausa ne, har ya tambaye ni mutanen gida.

"Ƙanwata, waɗannan daga Turai suka zo. Matar wani babban likita ce ta yi amfani da su wata ɗaya rak. Ki bar mini waɗancan naki in rage miki, ai nauyi suke ƙara miki."

Na ba shi sandunan Kawu da abin da ya rage na guzurina. Na koma makaranta ina jin ƙararsu a kan siminti, ƙyas, ƙyas, ina ganin kamar na zama wata.

A ɗakin kwananmu Bahaushiya ɗaya ce ban da ni, Balki. Asalin iyayenta mutanen Kanan-Bakashe ne, amma a Zangon Kwatano aka haife ta, mahaifinta dillalin shanu ne. Doguwa ce, mai saurin baki, tana jin yaren garin kamar ƴan garin. Ita ta fara ce mini "ƴar ƙauyenmu," ko da yake ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Idan kewar gida ta kama ni takan kawo mini fura daga Zango a cikin ƴar langa, ta zauna a bakin gadona ta ce in ba ta labarin rijiyoyi da guga da yadda ake sussuka. Ni kuma in tambaye ta teku. Daga makarantarmu ba a ganinta, amma da yamma iska kan kawo warinta, wani wari kamar na kanwa da kifi, kuma sau ɗaya na hango ta daga cikin mota, ƴar siririyar toka-toka a bayan katangar tashar jiragen ruwa.

Wata majami'a a unguwar ta ji labarina ta aiko mini da keken guragu, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Na yi godiya na mayar. Irinsa na gani jere a bakin kasuwa, kowanne da kwano a gabansa. Balki ta ce ni mahaukaciya ce, da shi da na zaga garin nan kaf. Na ce ƙafafuna sun ishe ni.

Kusa da ƙarshen zangon karatu shugabar makarantar, wadda muke kira Madam, ta sanar cewa za a kai mu yawon buɗe ido wani ƙauyen masunta a yamma da gari. Bayan an tashi ta kira ni ofis. Ta yi mini magana a hankali. Ta ce mota za ta tsaya a gindin bishiyoyin kwakwa, daga nan zuwa bakin ruwa rairayi ne mai faɗi da laushi. Ko dai a sa ni a kujera a ɗauka, ko in zauna a inuwa in hango daga nesa. Na ce mata ni haifaffiyar rairayi ce, zan taka da kaina.

Washegari na zagaya bayan makaranta, inda akwai wani lungu mai yashi, don in gwada. Taku na farko sandar dama ta nutse har kusan kamu guda. Na fizgo ta, ta hagu ta nutse, sannan ɗan ƙarfen da ke riƙe tsawonta ya zame, ta gajarce a ƙarƙashina. Na faɗi a kan hannuna. Ina zaune a cikin yashin na tuna Kawu yana yanka taya da wuƙa yana cewa rairayi ba ya son abu mai tsini. Ni da na girma ina jin wannan, ni na miƙa su da hannuna saboda sheƙi.

Na koma kasuwa. Mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sai da na matsa ya yi dariya.

"Waɗannan itatuwan? Haba ƙanwata, tun yaushe mai ƙosai ta hura wuta da su."

Balki ta ga ƙujewar da ke hannuna, ta sa na faɗa mata. Nan take ta shiga tsara abin da za a yi, a tsakiyar ɗaki, da ƙarfi, sauran ƴan mata suna ji. Ta ce a tafi da sassafe kafin yashi ya yi zafi. Ta ce a nemi inda mota za ta fi kusantar ruwa. Ta tambaye ni nisan da nake iya yi kafin in huta, ta tambayi ko akwai inda zan kewaya idan buƙata ta kama ni, ta maimaita wannan da Faransanci don a ba ta shawara. Wata ta ce a ɗauko amalanken hannu na masu kaya. Wata ta ce ƙanenta yana da ƙarfi, zai goya ni. Duk suna kallon ƙafata, da kyakkyawar niyya, kamar masu duba rumbun da ya tsage.

Na ce da Hausa, don ita kaɗai ta ji:

"Balki, in lada kike nema, ga mabarata can bakin masallacin Zango. Ni ba sadakarki ba ce."

Ta tsaya da baki a buɗe. Ta ce, "To, Hannatu. Allah ya ba ki haƙuri." Daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba. Furar ma ta ci gaba da zuwa, sai dai takan ajiye ta tafi. Ranakun Lahadi idan na dawo daga majami'a sai in tarar ɗakin babu kowa, in ce a raina sun gaji da ni, kuma suna da gaskiya.

Na ɗaure ƙarfen sandar da waya. Na san ba za su kai ni ba. Na shirya a raina cewa idan suka nutse zan ce kaina ke ciwo, in koma inuwa. Abu ɗaya na sani, ba za a ɗauke ni a gaban teku ba.

Ranar ta zo. Tun kafin mota ta tsaya na ji ƙarar, wani gurnani mai zuwa da komawa, kamar hadarin da ya ƙi saukowa. Na sauka daga baya bayan kowa. Ƴan matan suka cire takalma suka ruga suna ihu. Na tsaya a gindin kwakwa na dubi rairayin, fari fat, mai faɗi kamar filin idi, kuma a can ƙarshensa ga ta, ta cika ido har ta haɗe da sama. Hoton littafina bai faɗi ko rabin gaskiya ba.

Sai na lura da wani abu a gefen dama. Tsofaffin katakan kwalekwale ne, masu faɗi, da sauran fenti ja da shuɗi a jikinsu, an shimfiɗa su ɗaya na bin ɗaya tun daga kusa da kwakwar har gangaren ruwa. Na ɗauka a kansu masunta ke jan jiragensu suka bar su a nan. Masuntan kuwa suna zaune can gefe a jere, sun ba hanyar baya, suna ɗinkin komar kamun kifi. Ko ɗaya bai ɗago kai ba.

Na ɗora sanda a katako na farko. Ta tsaya. Na ɗora ta biyu. Na taka. Katakon ya ɗan motsa a ƙarƙashina amma bai nutse ba. Haka na bi, sanda, sanda, ƙafa, ina jin ƙyas-ƙyas ɗin ƙarfe a kan icce yana ɓacewa cikin gurnanin ruwa. Rana ta dake ni, hammatana suka yi zafi, gumi ya shiga idona. A tsakiyar hanya na tsaya na huta, na saci kallo in ga wa ke kallona. Babu kowa. Ƴan ajinmu suna can suna tsintar bawon katantanwa, Madam tana magana da direba, Balki ta juya mini ƙeya tana jifan ruwa da yashi. Ban taɓa tafiya mai tsawo haka ba tare da idon wani a kaina ba. Na ce a raina Ubangiji ne ya shimfiɗa mini hanya.

Katako na ƙarshe ya kai ni kan jiƙaƙƙen yashi, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Na sauka a kansa na matsa gaba. Igiyar ruwa ta farko ta zo ta shafi yatsun ƙafata, da sanyi, ta koma. Ta biyu ta fi ta girma. Ta zo har ƙwaurina, kuma da za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin sandunan. Kafin in ankara ina zaune daɓas a cikin teku, ruwa har ƙirji, gishiri a bakina.

Na yi tari, na yi dariya, sannan na ga ina kuka. Na tuna mahaifiyata tana jiran layi a bakin rijiya tun asuba don tulu ɗaya. Ga ruwa nan babu iyaka, kuma ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa.

Na dafa sanda na miƙe da kaina. Sai a lokacin na ga zanena ya jiƙe ya manne, ƙafar da nake ɓoyewa ta fito sarai, siririya kamar muciya. Kafin in san yadda zan yi, wani busasshen zane ya faɗo a kafaɗata. Balki ce, tana tsaye da ɗan kamfai da riga, tana kallon wani wuri.

"Ƴar ƙauyenmu, an ce ki gaida teku, ba a ce ki aure ta ba."

Na ɗaura zanen. Da na san abin da ya dace da na ce ta yafe mini. Maimakon haka na ɗaga kai na ce:

"Kin gani ko? Ban buƙaci kowa ba."

"Na gani," in ji ta. "Wallahi na gani."

Mun shirya bayan wannan, ba tare da mun taɓa zancen ba. Na gama karatu na dawo gida, na sami aiki a wani ofis a Tasawa. Kawu ya sassaƙa mini wasu sandunan bai tambaye ni ina na farko ba. Balki ta yi aure ta bi mijinta wata ƙasa, labarinta ya yanke mini. Na sha ba wa mutane labarin ranar, a majami'a da wurin biki, yadda na iske hanya a shimfiɗe na taka har teku ni kaɗai.

Sai bayan da furfura ta fara fito mini na haɗu da Selestin, wata ƴar ajinmu mutuniyar Benin, ta zo wani taro a Maraɗi. Muna cin abinci na ɗauko labarin katakan. Ta ajiye cokali ta dube ni. Ta ce masunta ba sa barin katako a rana, abu ne mai tsada a wurinsu, kuma ba a wannan gefen suke jan jiragensu ba. Ta ce duk Lahadin da na tarar da ɗaki babu kowa, suna can ƙauyen da Balki, ita ke roƙon tsofaffin da yarensu gida-gida. Ranar jajibiri su suka ɗauko katakan a kai suka jera, Balki tana taka kowanne da ƙafa ɗaya don ta ji ko zai motsa. Kuma ita ta roƙi masuntan da Madam da ajin duka cewa idan na fara tafiya, kowa ya juya baya ya nemi abin yi, kada wanda ya kalle ni sai na taɓa ruwa.